Badaru Abubakar: Ɗan Kasuwar Da Ya Shiga Gidan Gwamnati Da Kalkuleta

Kafin ya zama gwamnan Jigawa, kasuwa ce ta san Muhammad Badaru Abubakar. An haife shi a Babura a 1962, garin da ke cikin mazaɓar sanata ɗaya da Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ya karanci aikin akanta a Jami'ar Bayero, ya kafa kamfanin Talamiz, har ya shugabanci NACCIMA, uwar ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Najeriya.

Siyasa ba ta karɓe shi da hannu biyu ba. A 2011 ya tsaya takarar gwamna a ACN, Sule Lamido ya kayar da shi. Sai a 2015, a inuwar APC, ya doke Aminu Ibrahim Ringim, ya kuma maimaita a 2019.

Halin ɗan kasuwa bai bar shi ba. Ɗan kwangila ya kawo takarda, shi kuwa ya hau lissafi yana neman ragi, tamkar mai taya sa a kasuwar Alhamis ta Maigatari. Nan laƙabin Baba Mai Kalkuleta ya samo asali. Masoya suka ce tattali ne, 'yan adawa suka ce maƙo. Haka rabon awaki da gwamnatinsa ta yi wa mata: 'yan birni sun yi ta dariya, amma macen karkara ta san akuya jari ce.

A 2023 ya miƙa mulki ga mataimakinsa Umar Namadi, Shugaba Tinubu kuma ya naɗa shi ministan tsaro a watan Agustan shekarar.