Ƙasar Gwamnati A Shuwak: Littafi Ɗaya, Taswira Ɗaya, Amma Da Sunanmu A Ciki

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Shuwak bayan la'asar ya san inda hira take ƙarewa. A fara da farashin riɗi da dawa, a taɓa na raƙuma, daga ƙarshe a faɗa maganar gona: wane ya yi shekara talatin yana noma wuri, ran nan sai ga wani da takarda mai hatimi yana cewa nasa ne. Idan aka je ofis, amsar ɗaya ce, ai ƙasar gwamnati ce. To, tambayarmu ita ce, ita gwamnatin ta san iyakar abin da ta mallaka kuwa?

Bari mu koma baya kaɗan. A 1925 Turawan Ingila suka yi dokar rajistar ƙasa, amma aikin rajistar bai wuce bakin Nilu da Jazira da manyan garuruwa ba sosai. Ƙasar noman damina irin ta Gadarif ta zauna a hannun al'ada, wato naziri da umda da shehun ƙauye su ke rabawa, su ke shaida. Ta wannan hanya kakanninmu, waɗanda suka biyo hanyar Hajji da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sami wurin zama da na noma a bakin Atbara da Setit. Sai a 1970 gwamnatin Numairi ta fito da dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, kuma ba da jimawa ba ta rushe mulkin gargajiya. Dokar mu'amalolin jama'a ta 1984 ta maye gurbinta, amma ba ta canza tushen maganar ba. Dare ɗaya manomi ya zama mai cin amfanin gona kawai, alhali kuwa ba wanda ya zo da igiyar awo ya rubuta wane ne yake ina.

A nan ne gizo ke saƙa. Ƙasar ɗaya ce, masu riƙe da littafinta kuwa suna da yawa. Noman inji ya fara a Gadambaliya wajen 1944, aka kafa masa hukuma ta musamman a 1968, ta yanka manyan gonaki masu fadan dubu ko fiye ta ba 'yan kasuwa haya. (Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, mai karatu ya lissafa da kansa.) Bayan waɗanda aka tsara, wasu masu tarakta suka yi ta share daji ba tare da tsari ba, har suka cinye burtalolin da Lahawiyyin da Shukuriyya da Fulani ke bi da dabbobinsu. Hukumar gandun daji tana da nata littafin. Hukumar 'yan gudun hijira, wadda ta daɗe da ofishi a nan Shuwak, an ba ta filaye ta zaunar da mutanen Eritiriya a wurare irin su Um Gargur. Ofishin rajista yana ƙarƙashin hukumar shari'a, masu safiyo suna wani wuri. Da aka ƙirƙiro jihar Gadarif a 1994, aka ƙara wani hawa a kan waɗannan duka. Ina mamaki a sami fili ɗaya da takarda biyu?

Madatsun Atbara ta Sama da Setit, wato Rumaila da Burdana, waɗanda aka buɗe a 2017, sun nuna mana abin da rashin littafi ke jawowa. Ruwa ya ci ƙauyuka da gonaki, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. A irin wannan rana, abin da kwamitin diyya ya gani a rubuce shi yake aunawa. Mai shekara arba'in a gona ba tare da takarda ba sai ya nemi shaidu, ya jira. A gabas da mu kuma ga Fashaga, inda iyakar da aka shata da Habasha a 1902 da 1903 ta bar manoman ɓangarorin biyu suna jayayya, har sojojin Sudan suka shiga a ƙarshen 2020.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta yi alkawarin hukumar ƙasa ta tarayya, ba a kafa ta ba. Shi ya sa muke goyon bayan a haɗa dukan littattafan nan wuri guda, a yi taswira ɗaya wadda kowane ofis zai duba kafin ya buga hatimi. Kayan aikin ba su da wuyar samu a yau: hoton tauraron ɗan'adam, na'urar auna wuri, da kwamfuta. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya kuma koya mana cewa takardar da ke cikin durowa ɗaya a gini ɗaya ba ta da tabbas.

Sai dai muna da fargaba, kuma gara mu faɗe ta tun yanzu. Taswirar da ta rubuta "ƙasar gwamnati" a kan fili ta tsaya nan, ta share wanda ke cikinsa ke nan. Gobe mai zuba jari daga Hartum ko daga ƙetaren Bahar Maliya zai dube ta ya ga wuri fayau. Mu kuwa mun san yadda kalmar "baƙi" take tashi duk lokacin da maganar ƙasa ta yi zafi. A watan Yuli na 2022, rikicin da aka fara kan ƙasa da sarauta a jihar Nilu Shuɗi ya ci rayuka fiye da ɗari, har Hausawa suka tare babbar hanya a nan Shuwak don nuna baƙin cikinsu. Saboda haka littafin da muke nema dole ya kasance da gurbi na biyu: wane ne ke amfani da wurin, tun yaushe, kuma su wane ne maƙwabtansa na gabas da yamma. A karanta jerin sunayen a bainar jama'a a kowane ƙauye, a ba da lokacin ƙorafi. A sa burtali da maƙabarta da filin Idi da mashayar dabbobi a kan taswirar tun kafin a sa gonakin haya.

Mu ma da namu aikin. Rasiɗin haraji, takardar zakkar amfanin gona, shaidar hiyaza, takardar gado, duk a tattara su a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi wajen ɗan'uwa a wani gari. Dattawan da suka san wace bishiya ce iyakar wane, a zauna da su a rubuta tun suna raye.

Akwai kuma abu ɗaya da mai safiyo daga birni ba zai sani ba sai an gaya masa. Jarfin bakin kogi, inda yawancinmu ke shuka kayan lambu, ba ya bayyana sai ruwa ya janye. Wanda ya ɗauki hoton Atbara a watan Agusta kogi kawai zai gani. A zo a auna a watan Janairu, lokacin da albasa da tumatir ke tsaye, mai gona kuma yana ciki da fartanyarsa.