Tuƙin Jirgin Dakon Kaya: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Riƙe Shi Sana'a

Idan kai matashi ne a Riruwai, Tudun Wada, Kiru ko Bebeji mai burin zama matuƙin jirgin sama, ko kuma uba ne da ɗansa ya zo masa da wannan magana, mai yiwuwa jirgin da ke ranka shi ne na alhazai, irin na Max Air ko na Kabo a da. Amma sana'ar tana da wani reshe da ba a cika maganarsa ba, wato jirgin da ba ya ɗaukar kowa sai kaya. Masu sha'awarsa sukan fara da tambayar albashi. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: bayan shekara 20 kana wannan aiki, yaya jikinka zai kasance, yaya kuma gidanka?

Wane irin jirgi ne wannan?

Jirgi ne kamar kowane, sai dai babu kujerun fasinja a cikinsa. An buɗe masa babbar ƙofa a gefe, ana tura kaya a ɗaure bisa faifan ƙarfe: magunguna, allurar rigakafi, kayan gyaran injuna, wayoyin hannu, har furanni da ake kwasa daga Kenya da Habasha zuwa Turai. Matuƙa biyu ne a gaba, kyaftin da mataimakinsa, a doguwar tafiya kuma a ƙara na uku ko na huɗu don a riƙa karɓar juna. A Najeriya kamfanin da aka fi sani da wannan aiki shi ne Allied Air da ke Legas. A waje akwai DHL, FedEx, UPS, Cargolux, da sashen kaya na kamfanonin Habasha, Ƙatar da Dubai. Kamar dai bambancin direban tirelar da ke kwasar masara daga Doguwa ne da direban bas: hanya ɗaya suke bi, amma lokacin tashinsu da na barcinsu ba ɗaya ba ne.

Ta ina ake shiga, kuma nawa ake kashewa?

Babu wata makaranta ta daban ta masu dakon kaya. Lasisinsu ɗaya ne da na matuƙan fasinja. Makaranta mafi kusa da kai ita ce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, akwai kuma wata a Ilori. Za ka fara da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, sannan na aikin haya, wanda ke buƙatar kimanin awa 200 a sama. Kafin ka cancanci kujerar kyaftin a babban jirgi sai ka tara awa 1,500.

Kuɗin karatun miliyoyin naira ne masu yawa, kuma yana hawa duk lokacin da dala ta hau. Abin da iyaye da yawa ba sa sani sai an gama shi ne, lasisin kaɗai ba ya kai mutum cikin babban jirgi. Kowane samfurin jirgi yana da nasa horon na musamman, misali Boeing 737, kuma shi ma dubban daloli ne. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi, da dama daga cikinsu kuma sun dawo sun daɗe suna jiran aiki saboda wannan gaɓar. Kafin a sayar da gona, a lissafa har da ita.

Gaskiya ne aikin dare ne?

Akasari haka ne, kuma nan ne maganar take. Saƙon da aka karɓa da yamma ana so ya isa da safe, saboda haka jiragen manyan kamfanoni sukan hallara cikin dare a cibiyoyinsu, FedEx a Memfis, DHL a Laifzig ta Jamus, a sauke kaya, a rarraba, a sake tashi kafin asuba. Jikin ɗan Adam kuwa yana da agogonsa. Tsakanin ƙarfe 2 na dare da 6 na safe zafin jiki yana sauka, hankali yana yin nauyi, ko da mutum ya yi barci da rana. A daidai wannan lokacin ne ake son matuƙi ya sauke jirgi mai nauyin tan da dama, wani lokaci cikin hazon hunturu irin na Kano.

Kana iya cewa ai za a saba. Ana koyon dabarun jurewa, amma jiki ba ya sabawa gaba ɗaya, domin jadawalin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wannan makon dare, mako mai zuwa rana. Ka dubi yadda abin yake: ka shiga ɗakin otal ƙarfe 8 na safe, ka ja labule, ka toshe kunne, masu shara suna kai da kawo a bakin ƙofa, ga azahar na tafe, ga mota za ta zo ɗaukarka bayan isha'i. Barcin rana bai kai na dare nauyi ba, kuma bashinsa taruwa yake yi.

Dokoki sun ƙayyade awannin tashi, a yawancin ƙasashe kimanin 100 a wata da 1,000 a shekara. Sai dai a Amurka, sabuwar dokar hutun matuƙa da ta fara aiki a 2014 ta tsame jiragen kaya daga cikinta. A watan Agusta 2013 wani jirgin UPS ya faɗi da asuba yana shirin sauka a Bamingham ta jihar Alabama, matuƙan biyu suka rasu, masu bincike kuma suka sa gajiya cikin dalilan.

Me zai yi wa lafiyata?

Ka riƙe wannan da kyau: lasisinka a kan lafiyarka yake tsaye. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya tana buƙatar likitan da ta amince da shi ya duba ka aƙalla sau ɗaya a shekara, idan shekaru suka ja kuma duk wata 6. Ana duba ido, kunne, zuciya, jini da fitsari. Aikin dare na shekaru, da zama wuri ɗaya, da cin abincin da ya samu a kowane lokaci, suna buɗe ƙofa ga ƙiba, hawan jini da ciwon suga. Malamin makaranta mai hawan jini zai sha magani ya shiga aji. Matuƙi kuwa ana iya dakatar da shi har sai likita ya gamsu, wani ma ya sauka ke nan. Ko da lafiya ƙalau, dokar duniya ta tsayar da tuƙin haya tsakanin ƙasashe a shekara 65.

Akwai kuma hatsarin kayan da kansu. A watan Satumba 2010 wuta ta tashi cikin wani jirgin UPS da ya tashi daga Dubai ɗauke da batiran litiyam, irin na wayar hannu, matuƙansa biyu suka rasu. An tsaurara ƙa'idoji bayan haka, kuma dole ka koyi karanta takardar kaya masu haɗari kafin ka sa hannu.

Iyali fa?

Da wuya mazaunin aikinka ya zama Kano. Legas ne, ko wata ƙasa. Idan iyalinka suna Riruwai, hutun kwana huɗu yana nufin jirgi zuwa Kano, sannan mota ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore. Kwana biyu sun tafi a hanya, ranar farko a gida kuma barci ne. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, har Sallah, wasu za su wuce ba ka nan, kuma ka san yadda mutanenmu suke ɗaukar wanda ba a gani a zaman makoki. Azumi ma sai ka zauna da malami ka san hukuncin matafiyi tun wuri. Matar da za ka aura ta cancanci ta ji duk wannan daga bakinka kafin a kai sadaki.

Ba duka ne ɗaci ba. Wasu kamfanonin waje suna haɗa aikin mako biyu ko uku a jere, su ba da hutu mai tsawo a jere, wanda ma'aikacin ofis ba ya samu. Babu hayaniyar fasinja. Kuma a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe filayen jiragen Najeriya ga matafiya, an bar jiragen kaya suna aiki, lokacin da matuƙan fasinja da dama a duniya suke zaune a gida.

Me zan tambaya kafin in sa hannu?

Ka nemi a nuna maka jadawalin wata guda na ainihi, ka ƙirga darare nawa ne a sama, nawa ne a gida. Ka tambaya ko kamfanin yana da inshorar rasa lasisi, wato kuɗin da ake biyan matuƙi idan likita ya sauke shi. Idan su za su biya horon samfurin jirgi, ka karanta shekara nawa suka ɗaure ka, da abin da za ka biya in ka tafi kafin lokaci. Ka bincika ko albashi na zuwa a kan kari, da naira ko da dala, da kuma batun fansho. Sannan ka nemi wani kyaftin da ya haura shekara 50 a wannan aiki, ta hannun ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta ƙasa ko tsofaffin ɗaliban Zariya, ka tambaye shi awa nawa yake barci a ranar aiki, da irin magungunan da yake sha.