RATAYA HOTO A BANGO MA SANA'A CE A IKKO

Duk wanda ya taɓa shiga gidajen masu hali na Ikoyi ko Lekki a nan Ikko, zai ga zane-zane da hotuna jere a bango, kowanne zaune daram kamar tare aka gina su da gidan. Sau da yawa ba maigidan ne ya kafa su ba. Akwai ma'aikatan da wannan shi ne hanyar abincinsu: a kira su, su auna bango, su huda, su rataya, a biya su lada kamar yadda ake biyan kafinta ko mai gyaran famfo.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan mai zaman haya a Agege ko Idi-Araba da wannan magana. To, ai mu ma muna da abin ratayawa: hoton iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, allon zayyanar yaron da ya sauke, hoton Ka'aba da alhaji ya yo tsaraba, faifan adon amarya. Ƙawata bango ba baƙon abu ba ne a wurinmu, jeren ɗakin amarya da zanen gidajen Zariya sun isa shaida. Sai dai bangon Kudu da iskar Kudu ba irin na gida ba ne, shi ya sa ya kamata mu san abin da masu wannan sana'a suka sani.

Abu na farko da suke dubawa shi ne laima. A Kano lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, amma a Ikko yakan haura 80 a damina, alhali masu ajiye kayan tarihi sun fi son ya tsaya tsakanin 40 da 60. Hoton da aka manna shi da bango mai shan ruwa yakan yi fumfuna ta baya, takardar ta liƙe wa gilashi, ranar da aka zo ɓanɓarewa sai fuskar ta biyo gilashin. Allon zayyana ya fi shiga haɗari, domin tawadarmu ta ƙaro ce, ruwa ke wanke ta. Don haka gwani yakan guje wa bangon da ruwan sama ke duka da wanda ke jingine da makewayi. Yakan kuma liƙa 'yan guntayen roba a kusurwoyin firam ta baya, don iska ta riƙa ratsawa. Haka nan ba ya sa hoto inda rana ke faɗowa ta taga, saboda hasken rana na cin launi.

Na biyu shi ne bangon kansa. Bangon ƙasa yakan karɓi ƙusa cikin sauƙi, amma na bulon siminti sai ya lanƙwasa ta, ko kuwa shafen ya ɓantale. Gwani yakan huda rami da na'ura, ya cusa ɗan toshin roba, sa'an nan ya murɗa ƙusa mai zare a ciki. Wani Bature na Ingila, John Rawlings, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1911. Kafin ya huda kuma sai ya dubi inda makunnin lantarki da soket suke, domin waya takan bi cikin bango a miƙe daga wurinsu, sama ko gefe. Wanda ya huda daidai saitinsu yana wasa da ransa ne.

Na uku shi ne tsayi da nauyi. Yawancinmu mukan kai hoto can kusa da rufi, har sai baƙo ya ɗaga wuya. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce tsakiyar hoton ta kasance kamar inci 57 daga daɓe, watau ƙafa 4 da inci 9, daidai idon mutum a tsaye. In firam ɗin mai nauyi ne, ƙusa biyu ake sa masa, a daidaita su da ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki. Ba a rataya mai gilashi a saman gado ko inda yara ke kwana.

Ga mai haya kuma akwai batun mai gida. Bango mai ramuka goma abin jawo rigima ne ranar tashi. Ya fi kyau a nemi izini tukuna, a auna sosai, a huda sau ɗaya.

Kada a raina abin da ke bango. Zanen nan mai suna Tutu, na wata gimbiyar Ife, wanda Ben Enwonwu ya yi a 1974, a wani gida aka gano shi a Landan cikin 2017, aka kuma sayar da shi a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Da fumfuna ta ci shi, da shi ke nan. Hoton mahaifi ba zai kawo ko kwabo a kasuwa ba, amma in ya lalace babu inda za a sayo wani.

Ga matasanmu masu aikin kafinta, fenti ko gini a Kudu, wannan ƙofa ce a buɗe. Kayan aikin ba su da yawa: na'urar huda bango, abin awo, ma'aunin magina da fensir. Babban jarin shi ne natsuwa da riƙon amana, tun da har cikin ɗakin mutum ake shiga. Wanda ya iya ya kuma tsare mutuncinsa, maigidan da ya yi wa aiki shi zai kai sunansa gida na gaba. Sana'a dai sa'a, in ji masu iya magana.