Koyon Gyaran Tsofaffin Benaye a Wajen Aji

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashen Turai sun gina rukunan benaye na kankare domin tsugunar da miliyoyin iyalai, kuma a yau da yawansu sun tsufa, suna cin makamashi mai yawa kafin ɗakunansu su yi ɗumi da hunturu. Rushe su yakan fi wa hukumomi sauƙi, amma muhalli ne ke ɗanɗana kuɗarsa, domin sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sama. Wannan ne ya sa ake komawa ga gyara mai ɗorewa, wato sabunta gini ba tare da zubar da kankare da ƙarfen da ke jikinsa ba, ba kuma tare da tarwatsa mazaunansa ba.

Sai dai manhajar makarantun zanen gine-gine ta fi horar da ɗalibi kan filin da babu kowa a cikinsa, alhali benen da za a gyara cike yake da mutane, da kayansu, da kuɗin hayar da ba za su iya ƙarawa ba. Aikin da Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal suka yi tare da Frédéric Druot da Christophe Hutin a unguwar Grand Parc ta birnin Bordeaux ya nuna irin sanin da ake bukata: sun gyara gidaje 530, suka ƙara wa yawancinsu ɗaki mai bangon gilashi da baranda, masu haya na zaune a ciki har aka kammala, kuma aikin ya ci lambar yabo ta Mies van der Rohe a 2019. Shi kansa Vassal, wanda ya yi aikin tsara birni a Yamai a farkon shekarun 1980, ya sha faɗin cewa a Nijar ya koyi yin abu mai amfani da kaɗan.

Irin wannan sani ɗalibai sukan same shi ne a tarukan bita na lokacin hutu da kuma gasa. Ƙungiyar Docomomo, wadda aka kafa a 1988 domin adana gine-ginen zamani na ƙarni na 20, tana shirya wa ɗalibai bita a gefen manyan tarukanta. A gasar Solar Decathlon ta Turai da aka yi a Versailles a 2014, ɗaliban jami'ar fasaha ta Delft sun ɗauki samfurin gidan jere na shekarun 1960, suka lulluɓe gefensa da rumfar gilashi mai samar da lantarki daga hasken rana, sannan zagayen Wuppertal na 2022 ya mayar da hankali kan gine-ginen da ke tsaye a cikin birni. Nakasun wannan hanya shi ne takan ci kuɗin tafiya da watannin aiki, saboda haka ɗalibin da ke neman abin kansa a lokacin hutu ba kasafai yake samun shiga ba.