Tsaya Wa Ɗan'uwa A Amurka: Taimakon Da Ke Zama Bashi

Duk mazaunin Amurka da ke son ya ɗauko matarsa, ko iyayensa, ko wani ɗan'uwansa domin su zauna can dindindin, tilas ne ya fara gamsar da hukuma cewa yana da ƙarfin riƙe su. Wata doka da majalisar ƙasar ta zartar a 1996, aka fara aiki da ita a 1997, ita ce ta wajabta masa sa hannu a takardar alkawarin ɗaukar nauyi mai lamba I-864.

Sharaɗin kuwa shi ne abin da yake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa. A shekarar 2024, alal misali, a yawancin jihohi gida mai mutum biyu sai ya nuna dala 25,550, mai mutum huɗu kuwa dala 39,000, kuma har da baƙon ake ƙidayawa.

To, wanda samunsa bai kai ba fa? Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dokar ta buɗe wa dangi ƙofa biyu. Ta farko, ɗan'uwa baligi da suke zaune gida ɗaya, kamar uba ko wa ko ƙane, yana iya cika takarda mai lamba I-864A, a haɗa samunsu wuri guda. Ta biyu, wani daga waje ya tsaya masa, ko da ba dangi ba ne. Amma shi wannan ba a haɗa samunsa da na mai ɗauko baƙon, watau sai samunsa shi kaɗai, ko haɗe da na mutanen gidansa, ya isa iyalinsa har da baƙon. Wajibi ne kuma ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, mazauninsa kuma a Amurka. Saboda haka attajirin kawu da ke Kano ko Ikko, komai dukiyarsa, ba shi da ikon tsayawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne nauyin wannan sa hannu. Idan baƙon ya karɓi wasu nau'o'in agajin da gwamnati ke bai wa matalauta, hukuma na iya bin wanda ya tsaya masa ya biya. Shi kansa baƙon yana da ikon kai shi ƙara kotu don neman abin ciyarwa. Mutuwar aure ma ba ta warware alkawarin. Yana nan daram har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya cika kimanin shekara 10 yana aiki, ko ya bar ƙasar ya rasa izinin zamansa, ko kuwa rai ya yi halinsa.

Don haka ya kamata dangi su zauna su fahimci juna tun kafin a ɗauki alƙalami, kada takardar da aka sa wa hannu don zumunci ta zama sanadin raba shi.