Gaskiya ko Jita-jita: Wai Turanci ne kaɗai ya san lokaci?

Akwai wata magana da ta zauna a bakin 'yan boko, tun daga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero har zuwa ma'aikatan ofisoshin Jega. Wai Turanci ne ke yanke lokaci daidai wa daida, Hausa kuwa ba ta da komai sai "anjima" da "sai gobe". Daga nan sai a ɗora cewa harshenmu ne ya koya mana makara. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ba ta jure bincike.

A fara da Turancin. Idan Bature ya ce "next Friday" ranar Laraba, 'yan'uwansa ma sukan rabu biyu: wasu su ɗauka Juma'ar jibi yake nufi, wasu ta makon gobe. Kalmar "biweekly" tana nufin sau biyu a mako, tana kuma nufin sau ɗaya a mako biyu, kuma ƙamusunsu sun amince da duka biyun. Ko lambobi ba su tsira ba. Wanda ya rubuta 3/4 a Ingila ko Najeriya, 3 ga Afrilu yake nufi, a Amurka kuwa 4 ga Maris ne. A namu Turancin na gida, mutum zai ce "I am coming" alhali ƙofa ya nufa zai fita.

Hausa fa? Shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta: kwana bakwai a jere, kowanne da sunansa. Turancin yau da kullum ba shi da kalma guda ta jibi, sai ya haɗa kalmomi. Yini kansa an yanka shi gunduwa-gunduwa: asuba, sassafe, hantsi, walaha, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, lisha, talatainin dare. Manomin albasa a Aliero da ya ce wa ɗansa a ba da ruwa "kafin hantsi ya ɗaga" ya faɗi abin da yaron ba zai kuskure ba, domin rana yake tsoro, ba agogo ba.

Nan ne ma jita-jitar ta fi rauni. Agogon Najeriya duka ɗaya ne, amma rana ba ta bin sa. Jega tana can yamma, don haka rana takan faɗi a Kano kimanin minti 15 kafin ta faɗi a nan, a Maiduguri kuwa tazarar ta haura rabin awa. A Jegar kanta, magariba takan yi wajen shida da kwata a watan Nuwamba, a Yuli kuwa sai bakwai ta gota. Wanda ya ce a haɗu bayan magariba ya ɗaure alƙawarinsa da abin da kowa a garin zai gani da ido, ya ji kiran sallah da kunne, ko da wayarsa ba caji. Ni a ganina wannan tsari ne mai kyau, kuma bai kamata a ji kunyarsa ba.

Sai dai akwai gaskiya a gefe guda, kuma ba zan ɓoye ta ba. Waɗannan kalmomi suna aiki ne tsakanin mutanen da suka san juna, suka san wurin. "Kwana biyu" a gaisuwa na iya zama wata shida, ba wanda zai ce an yi masa ƙarya. A tashar Jega, ka tambayi ɗan kamasho yaushe motar Maiyama za ta tashi, ya ce, "Yanzun nan, Alhaji, saura mutum ɗaya." Ɗan gari ba ya duba agogo, kujeru yake leƙawa, ya ga ko an ɗaure kaya a but, ya ga ko direba na kusa ko yana wurin mai shayi. Baƙo ne ke shiga ya zauna yana tsaki. Haka "daren Juma'a": a lissafin Musulunci dare ke gaba da yini, saboda haka daren da Alhamis ta wuce ake nufi. Yaron da ya juya wannan zuwa Turanci kai tsaye a katin gayyata ya tura mutane walima bayan an watse da kwana guda.

Inda abin ke zama ciwo shi ne bashi da magani. Manomi ya karɓi kuɗin taki da man injin ban ruwa, ya ce, "Ranka shi daɗe, in an cire albasa zan biya." Mai kuɗi ya ji ranar da aka tuge ta daga gona. Manomi kuwa yana nufin ranar da ya sayar, kuma kowa ya san da wuya ya saki kayansa lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Ajiyewa zai yi har ta yi daraja. Tsakanin fahimtar nan biyu akwai watanni, kuma a cikinsu zumunci ke lalacewa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: a ambaci wa'adin bashi, a rubuta, a kafa shaidu. A asibiti ma, "sau uku a rana" na Hausa da na Turanci duk ba su faɗi tazara ba. Tsohuwa za ta iya shanye uku tsakanin hantsi da la'asar, alhali wasu magungunan awa takwas-takwas ake so. Ma'aikacin lafiyar da ya ce mata, "Inna, ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya in za ki kwanta," ya kusantar da ita ga tazarar da likita ke nufi fiye da abin da aka rubuta a jikin kwalin.