Tsohuwar Shamila a sabuwar waya: abin da ya kamata ka sani kafin ka kwaso littattafan filashinka

Kwanakin baya wani abokina da ke shirin kammala digiri a nazarin addinin Musulunci ya zo wurina da filashi a hannu, fuska a murtuke. Malamin da ke duba kundinsa ya dawo masa da babi guda cike da jan biro. Ya rubuta cewa wata magana tana mujalladi na biyu, shafi kaza na wani tafsiri. Malamin ya ɗauko littafin daga kanta, ya buɗe shafin, babu maganar babu alamarta.

Abokin nawa bai ƙirƙiri komai ba. Maganar tana cikin littafin, sai dai a wani wuri daban. Ya kwafo ta ne daga tsohuwar Shamila da yayansa ya bar masa a filashi, kuma lambar shafin da ya gani kwamfuta ce ta sanya ta, ba maɗaba'a ba. Sati biyu ya yi yana bin hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa.

Irin wannan filashi, ko tsohon hadis ɗin kwamfuta, ko jakar faifan CD da wani alhaji ya yo tsaraba, suna nan a gidaje da yawa. Tambayar da matasa ke yawan yi ita ce: yaya zan mayar da su cikin wayata? Amsar tana da sauƙi ta wani ɓangaren. Mai wuyar shi ne sanin wanne ya cancanci a ɗauka, wanne kuma zai jefa ka cikin abin da ya sami abokina.

Daga faifan CD zuwa Shamila

Kafin Shamila, littattafan addini na kwamfuta a faifan CD ake sayar da su. Kamfanin Harf na Masar ya fitar da kundin littattafan hadisi tara, cibiyar Turas da ke Amman a ƙasar Jodan kuma ta fitar da tarin littattafan hadisi da fiƙihu da tarihi. Kowane faifai da tasa manhajar, kuma littattafan a kulle suke cikinta. Ba ka da ikon ciro littafi ka kai wani wuri, ba ka da ikon ƙara naka.

Al-Maktabatus Shamila ta fito a 2005, kuma abubuwa biyu suka sa ta mamaye ko'ina. Na farko kyauta ce. Na biyu ƙofarta a buɗe take: kowa na iya buga littafi, ya shigar da shi, ya fitar da shi a matsayin fayil mai ƙarewa da bok, ya ba wani. Da haka zubi na uku, musamman 3.48 da 3.64, ya zagaye shagunan kwamfuta da ɗakunan ɗalibai, daga filashi zuwa filashi, kowa na ƙara abin da ya samu.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce albarkar tsohuwar Shamila, ita ce kuma matsalarta. A cikin tarin da ka gada akwai littattafan da masu kula da manhajar suka tace, akwai kuma waɗanda wani bawan Allah ya buga da dare shi kaɗai, babu wanda ya bi bayansa.

A wajajen 2020 aka fitar da zubi na huɗu, wanda aka sake wa gini tun daga tushe. Ga kuma manhajar waya, ga shafin shamela.ws da ake karatu kai tsaye, ga wasu manhajoji irin su Turath da ke amfani da matanin Shamila. Nan ne tsoho da sabo suka haɗu.

Me ke cikin fayil ɗin bok?

Idan ka tura fayil ɗin bok cikin wayarka ka taɓa shi, wayar za ta ce ba ta san abin da za ta buɗe shi da shi ba. Fayil ɗin bai lalace ba. Asalinsa rumbun bayanai ne na Microsoft Access da aka sauya wa suna. A ciki akwai jadawalin da ke ɗauke da matanin littafin shafi-shafi, da wani mai ɗauke da kanun babuka, da wani mai bayanin littafin da marubucinsa. Android da iPhone ba su zo da abin karanta irin wannan ba.

Matsala ta biyu ta haruffa ce. Tsohuwar Shamila tana aiki da wani tsohon tsarin haruffan Larabci na Windows mai lamba 1256, wanda gurabensa 256 ne kacal. Wayoyi da manhajojin yau suna aiki da Unicode, wanda ya tattara haruffan harsunan duniya wuri guda. Shi ya sa idan ka ɗora tsohuwar manhajar a sabuwar kwamfuta sai ka ga alamomin tambaya ko wasu baƙaƙen Turawa masu ɗige-ɗige a maimakon Larabci.

Maganinsa bai kai minti biyar ba. Shiga Control Panel, ka zaɓi Region, sannan Administrative, sannan Change system locale, ka zaɓi Arabic. Ka tabbata akwatin da ke maganar UTF-8 a ƙasa babu alama a cikinsa, sai ka sake kunna kwamfutar. Windows ɗinka zai ci gaba da zama da Turancinsa, tsofaffin manhajoji ne kawai za su gane Larabci.

Mu masu rubuta Hausa akwai ƙarin abin lura. Tsarin 1256 ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Duk bayanin da aka rubuta da Hausar boko a tsohuwar manhajar, ko dai an rubuta shi babu lanƙwasa, ko ya koma alamar tambaya.

Suna ɗaya, bugu daban

Nan ne zuciyar maganar. Mutane da yawa suna ɗauka cewa Bukhari Bukhari ne, ko a wace manhaja. Matanin haka ne, amma lambobi da shafuka suna bin bugu.

Ɗauki Sahihul Bukhari. Lissafin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda ke tare da sanannen bugun Fathul Bari, ya kai hadisi 7,563. Bugun Mustafa al-Buga yana da nasa lissafin daban. Lamba ɗaya za ta kai ka hadisai biyu mabambanta. A Sahihu Muslim tazarar ta fi haka: Abdulbaƙi ya tsaya a 3,033 saboda ya haɗa hanyoyin hadisi ɗaya ƙarƙashin lamba ɗaya, wasu bugun da ke ƙirga kowace hanya kuma sun haura 7,000.

Musnadin Imam Ahmad, tsohon bugun Maimaniyya na Alƙahira na shekarar 1313 bayan hijira, mujalladi 6 ne. Bugun Mu'assasatur Risala da Shu'aib al-Arna'uɗ ya jagoranta mujalladi 50 ne har da fihirisa. Idan tsohon littafi ya ce maka duba Musnad mujalladi na biyu shafi kaza, mai shida yake nufi. Ka nema a mai hamsin, ka kwana kana nema.

Muwaɗɗa Malik, da ake karantawa a zaurukanmu, nata bambancin ya wuce na shafi. Riwayar Yahya bin Yahya al-Laisi, wadda ta fi shahara a wurinmu, daban take da ta Muhammad bin Hasan as-Shaibani da ta Abu Mus'ab az-Zuhri, har a yawan hadisai da jerin babuka. Fayil mai suna Muwaɗɗa kawai bai gaya maka komai ba tukuna.

To yaya za ka gane? Kowane littafi a Shamila yana da katin bayani, biɗaƙatul kitab, mai nuna marubuci, mai tahaƙiƙi, maɗaba'a, shekarar bugu da yawan mujalladai. A ƙarshen katin akan rubuta ko lambobin shafin sun dace da bugaggen littafi, wato muwafiƙ lil maɗbu'u, ko kuwa kwamfuta ce ta jera su da kanta. Wannan layi guda shi ne abokina bai karanta ba. Littafin da kwamfuta ta yi wa lamba yana da amfani wajen nemo magana, amma ba a kafa hujja da shafinsa.

Matakan ƙaura

Na farko, yi kwafi kafin ka taɓa komai. Kwafe dukkan foldar zuwa wuri biyu, ka binciki filashin da manhajar kashe ƙwayar cuta, don filashin da ya yi yawo a shagunan kwamfuta da wuya ya tsira daga cutar nan mai ɓoye folda ta bar inuwarta. Idan fayil guda ya haura gigabait 4 ya ƙi kwafuwa, filashin yana kan tsarin FAT32 ne; nemi wanda ke kan exFAT. Faifan CD ma yana mutuwa a hankali, zafi da ƙarzuwa na cinye shi, don haka kwashe abin da ke ciki tun yana karantuwa.

Na biyu, kasa littattafan kashi uku. Kashin farko manyan littattafai ne da kowa ya sani: tafsirin Ɗabari da Ibn Kasir, littattafan hadisi shida, Mudawwana, Risala, Mukhtasar Khalil da sharhohinsa. Waɗannan kada ka wahalar da kanka. Sauke su sabbi daga sabuwar manhajar, inda ake ci gaba da gyara kurakurai. Kwaso tsofaffin zai sa kowane bincike ya fito maka sau biyu, ba ka san wanne za ka amince da shi ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda ka nema a sabuwar ka rasa. A nan dukiyar take. Wataƙila wani ya taɓa buga Ihya'us Sunna na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ko Diya'ut Ta'awil na Abdullahi na Gwandu, ko Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko kundin digirin wani malami da ba a taɓa kai wa maɗaba'a ba. Nemi kowanne da sunansa a sabuwar manhajar. Wanda babu shi, ware shi a folda ta musamman, domin mai yiwuwa kwafin da ke hannunka yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kashi na uku shi ne marasa kati: babu sunan maɗaba'a, babu mai tahaƙiƙi, wani lokacin ma babu marubuci. Ajiye su a gefe, kada ka gauraya su da sauran.

Mataki na uku, a kwamfuta ake yin aikin, ba a waya ba. Sabuwar Shamila ta kwamfuta tana karɓar littattafan bok ta hanyar shigo da littafi. Fara da guda biyu ko uku, ka buɗe su, ka duba farko da tsakiya da ƙarshe, ka gwada neman wata kalma, kafin ka tura sauran. Buɗe musu sashe na daban mai suna bayyananne don kada su ɓace cikin na hukuma.

Na huɗu, kula da ta'alikanka. Kada ka ɗauka bayanan gefe da alamomin da kai ko mai filashin ya sanya za su bi littafin da kansu. Littafi ana iya sake sauke shi gobe. Bayanin da mahaifinka ya rubuta a gefen wata mas'ala babu inda za ka sake samunsa. Kwafe su cikin Word tun tsohuwar manhajar na buɗewa, ka rubuta sunan littafi da babin da kowanne ya shafa.

Idan kuma a waya kake son karanta littafin da babu shi a manhajar waya, fitar da shi zuwa Word daga tsohuwar Shamila, sannan ka mayar da shi PDF, ko EPUB da manhajar Calibre wadda kyauta ce. EPUB ya fi daɗin karatu a ƙaramin allo saboda rubutun na bin girman da ka zaɓa, amma hakan na nufin shafukansa ba tsayayyu ba ne. Ka tabbata lambobin shafin asali sun fito a cikin matanin.

Tsohuwar kwamfutar da manhajar ke kai kuma kada ka yi saurin rabuwa da ita. In Windows 7 ce, Microsoft ta daina ba ta kariya tun Janairun 2020, don haka raba ta da intanet ka bar ta a matsayin ma'ajiya.

Masu nazarin Littafi Mai Tsarki ma sun bi ta nan

Kiristoci masu amfani da manhajar Logos ta Amurka sun fuskanci irin wannan ƙaura lokacin da kamfanin ya bar tsohon tsarinsa na Libronix ya fitar da Logos 4 a 2009. Sai dai su littattafansu na saye ne, kuma abin da mutum ya mallaka lasisi ne da ke ɗaure da asusunsa. Wanda ya yi rajistar faifansa yakan tarar da littattafansa a sabuwar manhajar, har a waya. Wanda ya ajiye faifai kawai bai yi rajista ba, sai ya nemi kamfanin da shaidar saye. A Shamila babu lasisi babu asusu da zai riƙe maka littafin da ka shigar da kanka. Fayil ɗin shi ne komai, in ya ɓace ya tafi.

Kafin ka rubuta lambar shafi

Manhaja tana nemo maka magana cikin daƙiƙa, aikin da a da sai an kwana ana juya mujalladai. Amma matanin da ke cikinta mutum ne ya buga shi, kuma mutum na tsallake layi, yana sauya ɗigo. A Larabci ɗigo ɗaya na iya mayar da sunan mai riwaya wani mutum daban.

Saboda haka duk maganar da za ka saka a kundi, ko huɗuba, ko ma saƙon da za ka tura zauren WhatsApp, nemi hoton bugaggen littafin ka gani da idonka. Shafin Waƙfiyya da archive.org suna cike da irin waɗannan PDF. Buɗe mujalladin, je shafin, karanta abin da ke gaba da maganar da abin da ke bayanta. Sannan ka rubuta sunan mai tahaƙiƙi da maɗaba'a tare da lambar.

Abokina yanzu haka yake yi. Filashin yayansa kuma bai yar ba: littattafai goma sha wani abu ya ware daga ciki waɗanda bai samu a ko'ina ba, ya kwafe su wuri uku, ɗaya ya mayar wa mai shi.